Yadda ake zaɓen zare da launi kafin a saƙa mayafin wuya da hannu

Mai koyon saƙa yakan ga dunƙulen zare, launin ya ɗauke masa ido, ya shafa ya ji laushi, ya saya. Sai ya yi wadari, wato ya jera zaren tsaye, wanda ke bin tsawon saƙa, ya ɗora a masaƙa, zaren ya fara tsinkewa tun bai saƙa taƙi ɗaya ba. Ko kuwa ya saƙa lafiya har ƙarshe, ya sauke, ya tarar jan da ya so da koren da ya so sun haɗu sun koma wani launi mai kama da laka. Duk wannan yana faruwa ne domin zare yana da hali biyu: halinsa yana dunƙule a hannu, da halinsa bayan an ja shi, an gitta masa wani, an wanke. Na biyun shi ne wanda zai hau wuyan mutum, kuma ana iya gano shi tun kafin a kashe kuɗi da kwanaki. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na farko: san mayafin da kake nufi

Kafin ka taɓa zare, ka amsa tambaya uku. Don ɗumi ake son mayafin ko don ado? Wa zai sa shi? Da hannu za a riƙa wanke shi ko a inji za a jefa shi? Mayafin yaro yana son zaren da ke jure wanki. Mayafin wanda fatarsa ba ta son ƙaiƙayi yana son zare mai santsi. Sai ka tsayar da girma. Mayafin babba yakan kai faɗin santimita 18 zuwa 25, tsawo kuma 150 zuwa 180, ban da geza. A wannan bayani zan ɗauki mai faɗin santimita 20 da tsawon 170, domin lissafin da ke gaba ya samu abin kamawa.

Mataki na biyu: zaɓi irin zaren

Ulu shi ne abokin mai koyo. Yana talewa ya koma, don haka ko wani sili ya fi wani ɗaurewa a masaƙa, ulu yakan rufa asiri. Yana shan damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, shi ya sa yake da ɗumi ko ana yayyafi. Idan aka wanke shi bayan saƙa, gashinsa yakan kumbura ya riƙe juna, ramukan da ke tsakanin zaren su cike. Amma ulu suna ya tara. Ana auna kaurin gashinsa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ulun tumakin merino yakan kasance tsakanin maikiron 17 da 24, shi ya sa yake kwanciya a fata. Gashin da ya haura maikiron 30 ba ya lanƙwasa idan ya taɓa fata, sokinta yake yi, kuma wannan sokin ne muke ji a matsayin ƙaiƙayi. Akwai kuma ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki, wanda za ka ga an rubuta superwash a takardarsa. Yana da sauƙin kulawa, sai dai ba ya kumbura ya kama juna kamar ɗan'uwansa, don haka sai an ɗan matse saƙarsa, in ba haka ba zaren ya riƙa zamewa.

Gashin alfaka, wata dabba dangin raƙumi, ya fi na tunkiya santsi da nauyi, yana zubowa a kafaɗa da kyau, amma ba shi da komawa sosai idan ya tale. Kashmiya, wadda ake samu daga ƙarƙashin gashin wani irin akuya, laushinta ba a magana, sai dai ba ta jure ja da guga, gara a ajiye ta don zaren kwance, wato wanda ake gitta wa na tsaye. Shi ma moha, gashin akuyar Angora, wurinsa zaren kwance. Gashinsa a tsaye yake, idan aka jera shi a zaren tsaye sili yakan maƙale wa sili, ratar da ƙoshiya, mai ɗauke da zaren kwance, za ta bi ta ƙi buɗewa. Mai son wannan hazo-hazon da moha ke bayarwa ya sa shi a ƙoshiya kawai.

Auduga tana da ƙarfi, ba ta ƙaiƙayi, tana ƙara ƙarfi ma idan ta jiƙe. Ta dace da mayafin lokacin zafi. Aibinta nauyi: audugar da ta yi kauri takan ba da mayafi mai kama da tawul, don haka a nemi siririya. Lilin ba ya talewa ko kaɗan, kuma ba ya yafe kuskure. Sili ɗaya ya saki, za ka gan shi tun daga farkon mayafin har ƙarshe. Ina son lilin ƙwarai saboda yadda yake ƙara laushi duk wanki, amma ba na ba wa wanda bai saƙa mayafi biyu ko uku ba shawarar ya yi wadari da shi. Alharini yana da ƙarfi, yana sheƙi, yana shan rini fiye da kusan kowane zare, ga shi ba nauyi. Santsinsa yana sa ƙulli ya kwance, sai an kula. Zaren da ake yi daga itace ko gora, irin su reyon da Tencel, suna kwaikwayon sheƙin alharini da zubinsa. Shi reyon yana raunana idan ya jiƙe, a wanke shi a hankali. Akirilik kuwa, wato zaren roba, yana da araha, yana jure wanki, amma talewarsa ta yi yawa a masaƙa, kuma wanki ba ya gyara saƙarsa. Yadda ka sauke shi haka zai zauna.

Idan zare ya zo maka ba takarda, yanki ɗan guntu, riƙe shi da hantsaki a kan kwanon ruwa, ka kusantar da shi ga ashana. Ulu da alharini suna warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, su bar gawayin da ke murmushewa a yatsa. Auduga da lilin suna ci kamar takarda, su bar toka mai laushi. Akirilik narkewa yake, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri.

Bayan duk wannan bayani, wuya ne alƙali. Tafin hannu ya saba da aiki, ba ya jin abin da wuya ke ji. Ɗauki dunƙulen ka manna shi a gefen wuyanka ko ƙarƙashin haɓa. In da hali, yanki kamu guda ka ɗaura a wuya ka yi rabin awa da shi kana harkarka. Zaren da ya sa ka sosa wuya a rabin awa ba zai daina ba don an saƙa shi.

Mataki na uku: raba aiki tsakanin zaren tsaye da zaren kwance

Zaren tsaye shi ke shan wahala. Yana ɗaure a miƙe tun daga farko har ƙarshe, allera, wadda ake zura shi a cikinta, tana ɗaga shi tana sauke shi, matsefi yana gugarsa sau ɗaruruwa. Zaren kwance kuwa ƙoshiya ce ke kawo shi, ya kwanta, shi ke nan. Don haka duk zaren da ya burge ka amma ba ka amince da ƙarfinsa ba, mai gudaje ne, mai gashi ne, mai kauri a nan da siranta a can ne, wurinsa ƙoshiya.

Wanda za a yi wadari da shi sai ya ci gwaji uku. Na farko, duba tufkarsa. Warware bakin zaren ka ga sili nawa aka tufke. Mai sili biyu ko fiye ya fi mai sili ɗaya aminci. Na biyu, naɗe shi a hannu biyu ka ja a hankali kana ƙara ƙarfi. Idan ya yi gardama sannan ya tsinke da ƙara, ɗas, zai iya. Idan kuwa ya saɓule shiru, gashinsa yana zamewa daga juna, ba zai kai ba. Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa: miƙe zaren ka goga shi da farce ko da gefen rula sau ashirin ko talatin a wuri ɗaya. Idan ya fara fitar da gashi yana sirancewa, abin da matsefi zai yi masa ke nan. Na taɓa yin wadarin mayafi guda da wani ulu mai sili ɗaya wanda ya ci gwajin ja, ban gwada guga ba. Ban kai rabi ba sai da na ɗaura sili goma sha, galibinsu a gefe, inda guga ta fi yawa. Tun daga ranar ba na tsallake wannan gwaji.

Akwai kuma maganar haɗa zare iri biyu a wadari ɗaya. Idan ka jera ratsin ulu kusa da ratsin auduga, ulun zai tale a masaƙa, audugar ba za ta tale ba, sannan a wanki ulun ya tsuke fiye da ita, mayafin ya tattare. Wasu masaƙa da gangan suke yin haka don su samu tattarar, kuma tana da kyau idan an nufe ta. In ba ka nufe ta ba, ka sa zaren tsaye ya zama iri ɗaya, ko kuwa ka cakuɗa su sili-sili a duk faɗin, kada kowanne ya tare gefe guda.

Mataki na huɗu: auna kauri, ka daidaita da matsefi

A takardar zare da yawa za ka ga lamba daga 0 zuwa 7, sifili mafi siranta, bakwai mafi kauri. An yi wannan lamba ne don masu saƙa da kwarashi da allura, amma tana ba mu haske. Abin da ya fi ta amfani gare mu shi ne rula. Naɗa zaren a jikin rula, zagaye kusa da zagaye, suna taɓa juna ba tare da ka matse su ba, ba kuma ka ja zaren ba, har ka rufe inci ɗaya. Ƙirga zagayen. A saƙar sama-ɗaya-ƙasa-ɗaya, wadda ita ce mafi sauƙi, rabin wannan adadi shi ne yawan silin da za ka jera a kowane inci na faɗi, domin sauran rabin wuri ne na zaren kwance. Idan ka samu zagaye 16, sili 8 ke nan a inci. A saƙa mai ratsin karkace, inda zaren kwance ke tsallake sili biyu, ana ɗaukar kamar kashi biyu cikin uku.

Ƙananan masaƙun tebur masu allera guda, mai ramuka da tsaguna, wadda ita ce kuma matsefinsu, suna zuwa da lambobi irin su 5, 8, 10 da 12, wato yawan sili a inci. Zare matsakaici mai lamba 4 yakan dace da 8, mai lamba 2 ko 3 da 10, siriri mai lamba 1 da 12. Idan lissafinka ya faɗa tsakanin biyu, to ga mayafi ka karkata ga mai sakin jiki, muddin ulu ne da zai kumbura. Ga zare mai santsi kamar alharini da Tencel, karkata ga mai matsi. Kuma ka tabbata zaren yana wucewa ta ramin allera ba tare da ka tura shi da ƙarfi ba.

Mataki na biyar: lissafa yawan zaren

Saƙa tana tsukewa sau biyu: lokacin da aka sauke ta daga masaƙa, da lokacin da aka wanke ta. Don samun santimita 170, sai a saƙa kamar 190 a kan masaƙa. Zaren tsaye ba a miƙe yake tafiya ba, hawa da sauka yake a kan zaren kwance, wannan yana cin kamar kashi 10 cikin 100, sai ya zama 210. Ƙara santimita 50 na abin da ake ɗaurewa gaba da baya a ƙaramar masaƙa, wanda daga cikinsa geza za ta fito. Babbar masaƙa ta fi haka ci. Kowane sili ya zama santimita 260. A faɗi kuma, don samun 20 sai a jera 24 a matsefi, wato inci tara da rabi. Sau 8 ya ba da sili 76. Sili 76 sau mita 2.6 ya kama kusan mita 198.

Zaren kwance: tsawon santimita 190 ya kai inci 75, kowane inci jifar ƙoshiya 8, jifa 600 ke nan. Kowace jifa tana cin faɗin 24 da ƙarin kashi 10 cikin 100, kamar santimita 26 da ɗoriya. Jimla kusan mita 160. Gaba ɗaya mita 358, ka ƙara na gwaji da na gyaran tsinkewa, ka nemi 400. Dunƙulen giram 100 na zare matsakaici yakan ƙunshi mita 180 zuwa 200, don haka biyu suna kan gaɓa, uku sun fi kwanciyar hankali. Ka saya da tsawon mita, kada ka saya da nauyi, domin giram 100 na auduga bai kai giram 100 na ulu tsawo ba. Sannan duba lambar tukunyar rini a takarda. Launi ɗaya mai suna ɗaya daga tukunya biyu yakan bambanta kaɗan, ba ka gani a dunƙule, amma a mayafi zai fito kamar an ja layi.

Mataki na shida: launi

A nan ne saƙar masaƙa ta bambanta da kowace irin saƙa, kuma a nan nake son a daɗe. A saƙar kwarashi, ja yana zama a wurinsa, shuɗi a wurinsa. A masaƙa kuwa kowane zaren kwance yana ratsa kowane zaren tsaye, launi biyu su farfashe su zama ɗigo-ɗigo. Daga nisan taku biyu ido ba ya rarrabe ɗigon, sai ya gauraya su da kansa. Iya sirantar zaren, iya ƙarfin gaurayar. Shuɗi da ja za su ba ka wani abu mai kama da shunayya, ko da ba ka sayi shunayya ba.

Wannan al'amari ya taɓa ɗaure wa manyan masaƙa kai. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel Eugène Chevreul shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Faris. Aka kawo masa ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fitowa baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launin da ke maƙwabtaka da baƙin ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa sakamakon bincikensa, wanda masu zane ma suka amfana da shi. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne ba a yanke wa launi hukunci shi kaɗai, sai an ajiye shi kusa da wanda za su zauna tare.

Fara da haske da duhu, kafin ka yi maganar ja ko kore. Jera zarukan da kake tunani a kan farin ƙyalle, ka ɗauke su hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. Biyun da suka fito da toka iri ɗaya nauyinsu ɗaya ne, komai bambancin launinsu. Idan ka gitta su za su narke cikin juna, mayafin ya yi sanyi a ido, zane kuwa ba zai fito ba. Idan ɗaya ya fito fari-fari ɗaya baƙi-baƙi, kowane ɗigo zai tsaya da kansa, zane ya fito raɗau. Babu wanda ya fi wani, sai dai ka san wanda kake so. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sha wahalar jera zane mai wuya da launi biyu masu nauyi ɗaya, ya gama ba a ganin komai.

Sai dangantakar launukan. Waɗanda ke maƙwabtaka da juna, kamar shuɗi da kore, ko ja da ruwan lemo da rawaya, ko shunayya da shuɗi, suna gauraya su ba da launi mai rai. Mai koyo ya fara da su, da wuya su ba shi kunya. Waɗanda ke kishiyantar juna kuwa, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya, suna haskaka juna idan suna gefe da gefe a manyan ratsi, amma idan suka gitta a siririn zare sai su kashe juna, su koma ruwan ƙasa ko toka. In kana son kishiyoyi a mayafi ɗaya, sa su duka a zaren tsaye a matsayin ratsi, ka ratsa su da launi na uku wanda ba ya faɗa da kowa, ko kuma ka sa ɗayan ya zama ɗan siririn layi jefi-jefi.

Wannan launi na uku yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Baƙi ko shuɗi mai duhu a ƙoshiya yana sa launukan tsaye su yi zurfi kamar duwatsun ado. Fari yana wanke su, jan da ka saya ya dawo ruwan hoda. Toka tana kwantar da su. Ni na fi komawa ga shuɗi mai duhu ko ruwan hanta maimakon baƙi wuluk, domin suna yin aikin baƙin ba tare da sun taurara fuskar mayafin ba. Rawaya kuma a yi hattara da ita, kaɗan ɗinta yana cika ido, idan aka ba ta wuri daidai da sauran sai ta danne su.

Game da yawa, kada ka raba launuka daidai wa daida. Bari ɗaya ya zama uwa, ya ci fiye da rabi, na biyu ya bi shi, na uku ya zama ɗan ƙyalli. Idan faɗin ratsi ya rikita ka, akwai jerin lambobin Fibonacci, 1, 2, 3, 5, 8, 13, inda kowace lamba take jimlar biyun da suka gabace ta. Masaƙa da yawa suna ɗaukar yawan silin kowane ratsi daga ciki, ba lallai a jere ba, kuma yakan zauna a ido. Da launi biyu kacal ma ana yin abin mamaki. Jera duhu biyu, haske biyu, duhu biyu, haske biyu a tsaye, ka yi jifa da wannan tsari a kwance, za ka ga wasu ƙananan taurari masu haƙora sun fito, alhali saƙar sama-ɗaya-ƙasa-ɗaya ce.

Zare mai launi-launi, wanda aka rina shi gaɓa-gaɓa, shi ya fi jan mai saye kuma shi ya fi yaudara. Idan ka sa shi tsaye da kwance, launukansa duka za su ratsa juna, kishiyoyi su haɗu, kyan ya ɓace. Sa shi a ɓangare ɗaya, na fi so a tsaye idan yana da ƙarfi, ka ratsa shi da launi guda, mafi duhun da ke cikinsa, kuma zai fi kyau idan na kwancen ya ɗan fi shi siranta.

Duk wannan zaɓi ka yi shi da hasken rana, kusa da taga, ba a cikin rana tsaka ba. Ƙwan lantarki yana sauya launi, zare biyu da suka dace a ƙarƙashinsa suna iya saɓawa da safe. Tun da kuma mayafi kusa da fuska yake zama, kara zarukan a haɓar wanda zai sa shi a gaban madubi, ka kuma tuna rigunan da ya fi sawa.

Akwai gwaji biyu masu sauri. Ɗauki sili ɗaya na kowane launi ka murɗa su tare, ka miƙa hannu nesa, ka ɗan runtse ido: abin da ka gani kusan shi ne gaurayar da masaƙa za ta ba ka. Don ganin ratsi kuma, yanki kwali mai faɗin yatsa uku, ka naɗa zarukan a kai bisa tsarin da kake so, sili nawa na wannan, sili nawa na wancan. Yi kwali uku ko huɗu, jingina su a bango, ka riƙa wucewa kana kallo kwana ɗaya ko biyu. Wanda ka zaɓa, ɗauki allura ka ratsa shi da zaren kwancen da kake tunani, layi biyar ko shida na kowane launi.

Kada ka manta da zubar rini, musamman idan za ka haɗa ja, baƙi ko shuɗi mai duhu da fari. Jiƙa guntun zaren a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka matse shi a cikin farin ƙyalle. Idan ya bar shaida, wanke zaren tukuna har ruwan ya fita fes, ko ka sauya masa abokin tafiya.

Mataki na bakwai: saƙa samfur, ka wanke shi

Mutane suna ƙyashin wannan mataki saboda yana cin zare. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙara santimita 40 a wadarinka, ka fara da samfur a kan zaren tsayen da za ka yi mayafin da shi. Saƙa santimita 15 zuwa 20, kana sauya zaren kwance duk bayan yatsa uku, har da launin da ba ka zaci zai yi ba, domin sau da yawa shi ke cin gasar. Kula da bugu. Mayafi ba ya son a daka shi da matsefi, ajiye zaren ake yi a wurinsa. Ƙirga jifa a inci ta zo daidai da yawan silin tsaye, kuma idan ka duba ta cikin saƙar a kan masaƙa ka ga ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu. Idan ramukan sun toshe tun a masaƙa, abin da za ka sauke zai ƙandare kamar tabarma. Idan ƙoshiya ta shiga, bar zaren a karkace kafin ka buga, don ya samu rarar hawa da sauka, gefen mayafin kada ya tsuke.

Yanke samfurin, ka ƙulle bakinsa, ka auna tsawo da faɗi ka rubuta. Wanke shi yadda za a riƙa wanke mayafin. Ulu yana son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu mai laushi, a matsa shi a hankali, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi irin na farko, domin sauyin zafi farat ɗaya da cuɗa su ke dunƙule shi. Naɗe shi a tawul ka danne ruwan, ka shimfiɗa a inuwa. Idan ya bushe, sake aunawa, ka ga ko tsukewar ta zo daidai da abin da ka lissafa. In ta fi, ƙara tsawon da za ka saƙa. Ɗora shi a kan yatsa ka ga ko yana zubowa ko yana tsayawa. Tura farce tsakanin zaren: idan suka matsa suka bar rami, saƙar ta saki da yawa, koma matsefi mai lamba ta gaba. Idan ya yi tauri, sassauta bugu ko ka rage yawan sili a inci. Sa shi a wuya ka ji. Sannan manna samfurin a littafi tare da takardar zaren, lambar matsefi, yawan jifa da awon kafin wanki da na bayansa, ka sake ɗaure zaren tsaye a gaba, ka cika ƙoshiya da launin da ya ci.